Uwar Kaji da Littafin Ƙa'ida

A kamfanin da ke ƙera injinan ƙyanƙyasar ƙwai akwai wani ɗaki can ƙarshen baranda, bayan sito, wanda asalinsa don ajiye kwalaye aka gina shi. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon banɗaki take kallo. A nan matar da kowa ke kira Uwar Kaji ta shekara ashirin da huɗu, kuma duk injin da ya fita daga ƙofar kamfanin, rubutunta ne a cikin kansa. Ita ke gaya wa inji yaushe zai ƙara zafi, yaushe zai fesa ruwa, yaushe zai karkata tiren ƙwai hagu ko dama, yadda kaza ke juya ƙwanta da baki. Masu walda ne suka laƙaba mata sunan, wai duk kazar da aka fige a garin jikarta ce. Da farko takan haɗe rai. Daga baya ko a waya aka ce, "Uwar Kaji ce?" sai ta ce, "Ita ce, me ya lalace?"

'Yar mai gyaran rediyo ce. 'Ya'ya mata huɗu ubanta ya haifa, ita ce ta biyu, kuma ita kaɗai ce ƙaurin dalma bai taɓa sa wa tari ba. A shagonsa ta iya karanta wayoyi tun kafin ta iya karanta jarida, a nan kuma ta ɗauki karatun da ya bi ta har furfura. In ya gama gyara, rediyo ta yi magana, yakan ce mata, "Rufe bayanta maza, kada ta canza shawara." Bai taɓa tsayawa tambayar dalilin da ya sa ta yi maganar ba. 'Yarsa ta je makarantar kwamfuta ta fito da takarda mai kyau, amma karatun shago ne ya zauna mata a sama: abin da ya tashi ya yi aiki, magana ta ƙare.

Tana da shekara ashirin da bakwai Mai Kamfani ya ɗauke ta, lokacin kamfanin bai wuce rumfa ɗaya da masu walda uku ba. Mutum ne mai fara'a, "'yata, 'yata" ba ta ƙarewa a bakinsa, sai dai hannun jarirai gare shi. Da ya tashi sayen ƙwaƙwalwar da za a sa wa injinan, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da ake likawa a allon lantarki, sai ya zaɓi wadda ta fi kowace araha a kasuwa. Wurin ajiyar da ke cikinta da ƙyar zai ɗauki wasiƙa mai shafi uku. A nan aka ce ta cusa zafi da laima da ƙararrawa da juyin ƙwai.

Ga wanda bai san sana'ar ba, mai rubuta manhaja ba ya magana da inji baki da baki. Akwai harshen da yake rubutu da shi, sai wata manhaja da ake kira kwamfaila ta juya rubutun zuwa abin da ƙwaƙwalwar inji ke ganewa. Harshen yana da littafin ƙa'ida mai kaurin bulo, wanda ya zayyana abin da ya wajaba kowace kwamfaila a duniya ta fahimta. Amma masu sayar da ƙwaƙwalwa ba wawaye ba ne. Kowa yakan haɗa ka da tasa kwamfailar, ya ƙara mata 'yan kalmomi da gajerun hanyoyin da babu su a littafi, don ya sauƙaƙa maka aiki yau, ya kuma ɗaure ka a turkensa gobe.

Kwamfailar da ta zo da ƙwaƙwalwar Mai Kamfani irin dattijuwar nan ce mai kawaici. Ka yi mata rabin magana, ta ƙarasa maka. Ka manta ka gabatar da abu kafin ka kira shi, ta yi kamar ba ta gani ba. Uwar Kaji ta saba da ita har ta san inda take da saurin fushi da inda take barci. Littafin ƙa'ida kuwa, an saya mata kwafi ɗaya, ta ɗora allon kwamfuta a kansa don wuyanta ya huta.

Ana saura kwana shida a kai injinan farko, wuri ya ƙare a cikin ƙwaƙwalwar. Komai ya shiga, sai agogon juya ƙwai ya rage a waje, kuma ƙwan da ba a juya ba, ɗan tsako kan manne da ɓawo ya mutu a ciki. Ta rage nan, ta matse can, abu ya ƙi. Sai idonta ya faɗa kan wani ɗan ma'ajin ƙirga da ke cikin shirin, wanda ke ƙaruwa sau goma a kowace daƙiƙa. A wannan ƙwaƙwalwar, ma'ajin ba ya iya riƙe abin da ya wuce dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da bakwai. Da ya kai nan sai ya kife, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika tara-tara. Ta buga lissafi, ya ba ta minti hamsin da huɗu da 'yan kai. Ƙwai kuwa kusan kowace awa yake son juyi. Sai ta rubuta layi ɗaya tak: duk sanda ma'ajin ya kife, a juya tire, a soma ƙirga daga fari.

Injin ya tashi, ƙwai ya fashe, 'yan tsaki suka cika kwando. Mai Kamfani ya yi ta zagaya rumfa yana cewa ba a taɓa haihuwar kai irin na 'yarsa ba. Ita kuwa a ranar ta bi shi ofis ta ce, "Baba, abin nan na wucin gadi ne. Ka ba ni wata uku da ƙwaƙwalwa mai ɗan fili, in sake shi yadda littafi ya ce."

"In sha Allahu, 'yata. Bari a kai kayan nan tukuna."

Kaya kuwa ba su taɓa ƙarewa ba. Ta sake roƙo bayan haihuwarta ta fari, ta sake bayan an gina sabuwar rumfa, ta rubuta a takarda sau biyu. Amsar ɗaya ce, murmushin ma ɗaya ne. Wajen shekara ta tara ta daina. Gaskiyar da ba a so kuma ita ce, ba gajiya kaɗai ta sa ta daina ba. Ta soma jin daɗin zama ita kaɗai ta san kan abin. In wani sabon ma'aikaci ya leƙa rubutunta ya ce wannan kalmar ai babu ita a littafi, sai ta ce, "Littafin ya taɓa ƙyanƙyashe ƙwai ko ɗaya?" A yi dariya, shi kuma ya koma bakin aikinsa. Shirin ya yi ta girma, layi bisa layi, dabara bisa dabara, har ɗan layin nan na juyi ya nutse a ƙasa, ita kanta ta manta da shi yadda mutum ke manta ƙusar da ke riƙe da ƙofarsa.

A shekara ta ashirin da huɗu abubuwa uku suka faɗo a wata guda. Masu yin tsohuwar ƙwaƙwalwa suka aiko da wasiƙa cewa sun daina yinta. Mai Kamfani ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ya tashi da shanyewar ɓarin jiki, aka mai da shi gida. Ɗansa kuma, wanda Uwar Kaji ta sha goge wa majina a wannan barandar, ya hau kujera da kwat da nakatayel, aka soma kiransa Manaja.

Manaja ba mugu ba ne, gaggawa ce ke cinsa. Yana son manyan gonaki su sayi injinansa, su kuma ba sa saye sai da takardar shaida cewa manhajar ciki ta bi ƙa'ida. Don haka ya sayo sabuwar ƙwaƙwalwa mai fili kamar filin ƙwallo, da sabuwar kwamfailarta, ya kuma ɗauko wata mata daga kamfanin masu tantancewa, wadda ma'aikata suka sa wa Mai Bincike. Ita ce ta nuna musu makunnin tsanani na kwamfaila. Kalma biyu ce kawai a cikin takardar umarnin da ake ba kwamfaila. In an sa su, kwamfaila takan zama alƙalin da bai san kowa ba: duk abin da babu shi a littafi, ta tsaya, ta ƙi motsi.

Suka taru su uku a ɗakin bayan sito. Uwar Kaji ta ba sabuwar kwamfaila rubutunta na shekara ashirin da huɗu, ta danna. Jan rubutu ya yi ta gangarowa a allo har ta ɗauka na'urar ce ta haukace. Da ya tsaya, a ƙasa aka rubuta: kurakurai dubu ɗaya da ɗari tara da goma sha huɗu.

Manaja ya cire tabarau. "Anti, duk wannan a cikin injinanmu yake?"

"A cikin injinan da suka biya maka makaranta, eh."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Ba kurakurai ba ne, ɗana. Magana ce da waccan ke ji, wannan ba ta ji."

Mai Bincike ta ce a hankali, "Gaskiya ne, Mama. Amma takardar da zan sa wa hannu cewa take kowace kwamfaila za ta ji. In ya rage ɗaya, ba zan iya ba."

Manaja ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da ya zo da shi tun daga ofis. Mako shida. In a mako shida lambar nan ta koma sifiri, shirin Anti ya zauna, Anti ta zauna. In ba haka ba, akwai wani kamfani a waje da ke sayar da shirin ƙyanƙyasa shiryayye da takardarsa, za a saya, a rufe ɗakin nan a mai da shi sito. Ya faɗe shi yana kallon bango, don ya san a gaban wa yake.

Ta koma gida da la'asar ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana wanke tsohuwar motarsa ta koyar da tuƙi, wadda ke da birki biyu. Shekara talatin ya yi yana zama kusa da mutanen da ke neman kashe shi, don haka babu abin da ke tayar masa da hankali. Ta zazzage masa komai, har da nakatayel ɗin.

"Wai ni za a koya wa rubutu, Malam! Ni! Mai Binciken nan, yarinyar da aka haifa ina kan aiki."

Ya matse tsumma ya ce, "Injiniya, in faɗa miki wata magana ba za ki hana ni shayi ba?"

"Faɗi."

"A wurinmu direbobi iri biyu ne. Akwai wanda ya iya tuƙi, akwai wanda ya iya motarsa. Na biyun nan ya fi kowa gwaninta, ya san sai an daki giya sau biyu take shiga, ya san ƙofar da ake buɗewa da gwiwa. Amma ranar da aka ba shi wata mota, a bakin get yake kwana."

Ba ta hana shi shayi ba, amma kwana biyu ba ta yi masa magana mai tsawo ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta rasa ta inda za ta ƙaryata shi.

Washegari ta zaro littafin ƙa'ida daga ƙarƙashin allo. Gindin allon ya bar masa zagayayyen tabo a bangonsa, shafukan ciki kuwa fari fat, ba a taɓa buɗe su ba. Tana da shekara hamsin da ɗaya ta zauna da tabarau da fensir kamar 'yar aji ɗaya. Akwai kalmar da tsohuwar kwamfaila ta ba ta don taɓa ƙafa ɗaya ta ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ta yi amfani da ita sau ɗari huɗu da wani abu, kuma littafi bai san da zamanta ba. Akwai jerin da ta bari babu adadi, don waccan takan cike mata. Akwai aiki da ta rubuta a cikin cikin wani aikin, abin da littafi ya haramta. Kowanne sai ta kwance shi ta sake ɗaurawa ta doguwar hanya, layi ɗaya ya zama bakwai. Ta gyara goma, sababbi uku su ɓullo a wani wuri.

Kullum da hantsi Manaja yakan leƙo ya ce, "Anti, nawa ya rage?" kamar mai jiran a sauke tukunya. Masu walda ma suka shiga, suna rubuta lambar da alli a ƙofar sito: dubu da ɗari biyu, ɗari bakwai da sittin, ɗari uku. Tana jin haushin abin, tana kuma kallon ƙofar duk sanda ta wuce. Nan ne kuskurenta ya kwanta, kuskuren da sai ɗan sana'ar ke yi. Ta daina karanta shirinta, ta koma karanta ƙorafin kwamfaila. Inda aka yi ja, nan take zuwa. Inda aka yi shiru, ta ɗauka lafiya ce.

Ranar Laraba ta mako na shida, da azahar, ta danna, allo ya fito fes. Babu kuskure. Ta zauna tana kallonsa, hawaye ya zubo mata, ta yi maza ta share kada wani ya shigo. Farin ciki ta ji, irin wanda ta manta yadda yake. Mai Bincike ta zo ta duba makunnin, ta sake dannawa da hannunta, ta ce, "Mama, na ga manyan kamfanoni sun kasa wannan a wata shida." Ta sa hannu.

Uwar Kaji ta ce wa Manaja saura gwaji. A zuba ƙwai a inji ɗaya a nan cikin kamfani, a jira kwana ashirin da ɗaya, a ga 'yan tsaki da ido.

"Kwana ashirin da ɗaya, Anti? Mai Gona da ya biya kuɗin inji yana jira tun watan jiya. Ga takarda an sa hannu. Me kuma ya rage?"

"Takarda ba ta ƙyanƙyasa."

"Ki gwada shi yau, mota na zuwa da yamma."

Ta kunna sabon inji a rumfa. Zafi ya hau daidai, ya tsaya inda ake so. Ruwa ya fesa. Ta buɗe ƙofa, ƙararrawa ta yi kuka. Ta danna maɓallin juyi na hannu, tire suka karkata sumul, don sabon injin da moto marar ƙara aka yi shi, abin da Manaja ke alfahari da shi a takardun talla. An kuma cire gilashin ƙofa, wai yana zubar da zafi. Minti arba'in injin ya yi a kunne, direba ya danna oda a waje, aka kashe aka ɗora a mota. Da an ƙara kwata ɗaya, da ta ga lokacin juyi ya zo ya wuce babu abin da ya motsa.

Kwana ashirin da biyu bayan nan, da safe, wayarta ta yi ƙara. Mai Gona ne, dattijon da ya sayi inji na huɗu da kamfanin ya taɓa ƙerawa, yana kuma aiki da shi har yau. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Uwar Kaji, ki zo ki gani."

Ƙwai dubu huɗu da ɗari takwas ya zuba. Waɗanda suka fito ba su kai ɗari shida ba, su ma rabinsu a karkace suke tafiya. Ɗakin yana wari. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a gefen bokiti, ta ga ɗan tsako ya gama halitta, da baki da farce, amma ya manne da ɓawo ta gefe guda. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku, duk ta gefe guda. Ba ta buƙaci na huɗu ba. Layin da ta rubuta tana da shekara ashirin da bakwai ya taso mata a ido, harafi bayan harafi.

Mai Gona yana tsaye da hannuwa a baya. Ya ce, "Ni ban tambayi takarda ba, kin sani. Yaron nan ya yi ta nuna mini hatimi, na ce ajiye. Tambaya ɗaya na yi: hannun Uwar Kaji ne a ciki? Ya ce eh. Shi ke nan na zuba."

Da ya zage ta, da ta fi samun sauƙi. A mota, a bayan takardar kai kaya, ta yi lissafin. A sabuwar ƙwaƙwalwa ma'ajin ƙirgan ya fi na da girma nesa ba kusa ba, sai ya haura biliyan biyu kafin ya cika. Sau goma a daƙiƙa. Injin bai lalace ba, yana nan yana ƙirga abinsa cikin natsuwa, kuma zai juya ƙwan Mai Gona nan da kusan shekara bakwai.

Ba ta jira a bincika ba. Ta shiga ofishin Manaja da warin ƙwai a hannunta, ta tarar da Mai Bincike a zaune, ta buɗe musu layin ta ce ga shi, nata ne.

Manaja ya juya ga Mai Bincike. "To ina amfanin makunnin naku? Kurakurai dubu biyu ya kama, ya bar wanda zai kashe mu?"

"Ranka ya daɗe, rubutun layin bai saɓa wa komai ba. Zaton da ke bayansa ne babu shi a littafi." Ta buɗe shafin ta juyo da shi. "Littafi ya ce ma'ajin zai riƙe aƙalla kaza. Aƙalla. Bai ce iyakarsa ke nan ba. Kuma bai yi wa kowa alkawarin abin da zai faru in ya cika ba. Tsohuwar ce ta saba yin haka, Mama ta dogara da sabonta."

Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido. Uwar Kaji ta ce gyaran layi huɗu ne, kafin shayinsa ya huce ta gama. Ta ce kwana ashirin da ɗaya ta nema aka ba ta minti arba'in. Ta ce wata uku ta roƙa tun yana firamare, akwai takardu biyu a fayil, a tambayi Baba.

An tambayi Baba. Washegari Manaja ya dawo ya ce Baba yana gaishe ta, ya ce Allah ya yi mata albarka, amma bai tuna an taɓa yin wannan maganar ba. Takardun kuma ba a gan su a fayil ba. Ta gyara layin duk da haka, cikin minti goma, ta kunna inji awa shida a rumfa, tire suka yi ta juyi a kan lokaci ba mai kallo. An riga an aika wa kamfanin waje. Manaja ya ce ba don ya raina ta ba ne, labari ya bazu a gonaki, dole ya iya cewa an sake komai. Masu walda suka goge allin ƙofar sito da jiƙaƙƙen buhu, suka daina tsokanarta, abin da ya fi tsokanar ciwo. An ci moriyar ganga, saura a san inda za a ya da kwaurenta.

Sai dai da shirin wajen ya iso, a cikin kwali mai sheƙi da takarda mai hatimin zinariya, aka duba duk kamfanin babu wanda ya iya zuba shi a ƙwaƙwalwar inji sai ita. Manaja ya roƙe ta ta ƙara wata ɗaya, ta zuba wa injina goma sha biyu da ke jira, sannan a yi mata walimar ban kwana. Ta yarda, don ba ta son a ce ta bar aiki a tsakiya.

Ranar Litinin ta buɗe kayan mutanen. Rubutu mai tsafta, an jera shi kamar haƙoran talla. Kafin ta danna, sabo ya sa ta leƙa takardar umarnin kwamfaila. Kalmomin nan biyu babu su. A madadinsu an sa wata kalma ɗaya wadda ma'anarta ita ce: ko kin ga abin ƙorafi, yi shiru. Sannan ta goge kalmar shirun, ta sa makunnin tsanani, ta danna.

Dubu uku da ɗari biyu da shida.

Ta buga shi a takarda, shafi hamsin da takwas, ta ɗauka da ɗuminsa ta dire a teburin Manaja. Ta ɗauka yau gaskiya ta yi halinta.

Ya ɗaga shafi biyu ya ajiye. Ya kira Mai Bincike a waya, ya sa a amsa-kuwwa. Ta saurara har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya, ta ce abin da aka ƙera a cikin gida shi take buɗewa ta duba cikinsa. Abin da aka sayo da takardarsa, aikinta ta tabbatar takardar ta gaskiya ce, kuma ta gaskiya ce. Yadda suka same ta, wannan tsakaninsu ne da wanda ya ba su. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama," kuma da gaske take.

Uwar Kaji ta ce, "Nawa sifiri ne, ɗana. Sifiri, da makunnin a kunne. Layin ma na gyara. Nasu dubu uku."

"Na gani, Anti."

"To?"

"To su suna da takarda." Ya tura mata shafukan a hankali zuwa gefenta na tebur. Bai iya haɗa ido da ita ba. "Mota na zuwa ranar Alhamis. In makunnin nan yana kunne, shirin ba zai shiga inji ba, ko?"

"Ba zai shiga ba."

"Don Allah ki mayar da shi yadda kika same shi. Ke kaɗai kika san inda yake."

Ta tsaya ta dube shi har ya soma gyara biro a cikin kofi. Maganganu da yawa sun zo mata baki, wasu tun na zamanin ubansa. Amma injina goma sha biyu na tsaye a rumfa, masu walda sun yi wata biyu a kansu, kuma ta riga ta ce za ta zuba. Ta kwashi takardunta ta bi baranda, ta wuce sito, ta zauna a kujerarta.

Mako shida ta yi tana neman yardar kalmomin nan biyu. Goge su bai ɗauke ta daƙiƙa uku ba. Ta mayar da kalmar shirun a gurbinta, ta danna, allo ya fito fes, babu kuskure ko ɗaya. Ta ɗauki wayar zubi ta fita rumfa, ta soma da injin da ke kusa da ƙofa.